Giya mai kuloci biyu: daɗin tuƙi a kwalta, tsadar gyara a garaji

Daga Sassumbrum zuwa Magarya har Dungas, idan ana cinikin motar hannu, tambayar da ake yi a kan giya guda ɗaya ce: ta hannu ce ko otomatik? Da dillali ya ce otomatik ce, sai a wuce zuwa maganar injin, da tayoyi, da takardun duwan. To amma otomatik ta yau ba iri ɗaya ba ce. Akwai wata da aka ƙirƙira domin motocin tsere, daga baya kamfanoni suka sauko da ita cikin motocin gida irin su Golf, da Focus, da Tucson, waɗanda su ne ke isowa gare mu bayan sun yi shekara goma ko fiye a Turai ko Amurka. Ita ce giya mai kuloci biyu.

Ba kasafai za ka ga Porsche ko Ferrari a hanyoyinmu ba. Amma mutumin da ya sayar da riɗinsa da shanunsa ya sayi mota, yana iya shigo da ƙanwar giyar Porsche gidansa bai sani ba, sai ranar da motar ta fara karkarwa a cikin kasuwa, ko ta tsaya cak a rairayi alhali injin yana kunne. A ranar ne zai gane cewa kuɗin gyaran na iya kusantar kuɗin da ya sayi motar.

Yadda take aiki

A motar giyar hannu kuloci ɗaya ne, wanda makanikanmu ke kira ambarayaj. Direba ya taka shi, ƙarfin injin ya yanke daga tayoyi, ya sauya giya, ya saki. A ɗan tsakanin nan motar ba ta samun ƙarfi. Ga mai zuwa kasuwa wannan ba komai ba ne, amma ga mai tsere, rabin daƙiƙa ma asara ce.

Giya mai kuloci biyu kamar akwatin giya biyu ne aka haɗa a cikin gida ɗaya. Kuloci na farko yana riƙe da giya ta 1, da ta 3, da ta 5, na biyu kuma yana riƙe da ta 2, da ta 4, da ta 6. Lokacin da motar ke tafiya a giya ta 3, ta 4 ta riga ta shiga tana jira. Da lokacin sauyi ya yi, kuloci ɗaya ya saki, ɗayan ya kama, kafin ƙiftawar ido. Duk wanda ya taɓa ganin mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya san abin: taɓarya ɗaya na tashi, ɗaya na sauka, dakan ba ya tsayawa.

Direba ba ya taka komai, domin babu fedar kuloci. Mai yin aikin wata na'ura ce da ke manne da akwatin giyar, ana ce mata mekatronik. A cikinta akwai ƙaramar kwamfuta, da na'urori masu auna gudu da zafi, da bawul masu sarrafa mai, a wasu motocin kuma ƙananan injinan lantarki. Ita ce ƙafar da ke taka kuloci, ita ce hannun da ke sa giya.

Nan ta bambanta da tsohuwar otomatik da muka saba gani a Corolla da Camry da Hilux. A waccan, mai ne ke ɗaukar ƙarfin injin ya miƙa wa giya yayin da mota ke tashi, kamar fanka biyu da ke fuskantar juna, ɗaya na juya ɗaya da iska. Babu faifan da ke gogawa, shi ya sa take jure tafiyar hawainiya. A mai kuloci biyu kuwa, duk lokacin da mota za ta tashi daga tsaye, sai faifan kuloci ya goga, kamar dai a giyar hannu.

Daga Damagaram zuwa filin tsere

Mutumin da ya fara tsara wannan giya ba baƙo ba ne ga tarihin ƙasarmu. Shi ne Adolphe Kégresse, injiniya ɗan Faransa, wanda ya ƙera sarƙar roba da aka sa wa motocin Citroën guda 8 da suka ratsa hamada suka biyo ta Yamai, da Tasawa, da Damagaram a ƙarshen shekarar 1924, a kan hanyarsu ta zuwa tafkin Chadi. A 1939 ya samu rajistar tunaninsa na giya mai kuloci biyu, amma yaƙin duniya ya taso, kuma a lokacin babu kwamfutar da za ta iya sarrafa kuloci biyu daidai wa daida.

Sai a shekarun 1980 kamfanin Porsche na Jamus ya gwada ta a motocinsa na tsere, 956 da 962, ya sa mata suna PDK. A 1986 wata 962 mai wannan giya ta ci tsere a filin Monza na Italiya. Mutanen gari kuwa sun fara samun ta ne a 2003, lokacin da Volkswagen ya fito da Golf R32 da giyar da ya kira DSG. Daga nan masu ƙera motocin gudu suka bi sahu: Bugatti Veyron a 2005, Nissan GT-R a 2007, sai Porsche 911, da BMW M3, da Ferrari California a 2008. Dalilinsu a fili yake: ta fi hannun kowane direba saurin sauya giya, kuma ba ta shan mai kamar tsohuwar otomatik.

Wannan tsimin mai shi ya ja hankalin kamfanoni suka sa ta a ƙananan motoci. Kuma don ta yi araha, suka fito da wani sabon nau'i. A nan matsalar ta samo asali.

Mai jiƙa da busasshiya

Giyar iri biyu ce. A ta farko, fayafayan kuloci suna cikin mai, man yana zagayawa yana kwashe zafi. Ita ce ake sa wa motocin gudu masu ƙarfin injin, irin su Porsche, da GT-R, da Golf GTI. A ta biyu, fayafayan a bushe suke, iska kaɗai ke sanyaya su. Ta fi sauƙin nauyi, ta fi araha, amma ba ta jure zafi. Ita ce ke cikin yawancin ƙananan motoci.

Manyan matsalolin da duniya ta ji labarinsu, akasarinsu daga busasshiyar suka fito. Volkswagen ya fito da tasa mai giya 7, wadda ake kira DQ200, a 2008. A watan Maris na 2013, bayan gidan talabijin na gwamnatin Sin ya bayyana koke-koken masu motoci, kamfanin ya janye motoci fiye da 384,000 a ƙasar domin gyara. A watan Nuwamba na shekarar ya sake kiran wasu kimanin miliyan 1.6 a faɗin duniya don a sauya musu man giya, saboda a wurare masu zafi da cunkoso man farko yana iya haddasa matsalar lantarki a cikin mekatronik.

Ford ma ya sha nasa da giyar PowerShift da ya sa wa Fiesta daga 2011 da Focus daga 2012 a Amurka. Masu motocin sun yi ta kukan karkarwa, da fizga, da jinkirin tashi. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne mai yana ɗiga ta wurin roba ya jiƙa fayafayan da aka yi su don su zauna a bushe. Kamfanin ya tsawaita garanti, kuma a watan Afrilu na 2018 wata kotun tarayya a Ostareliya ta ci shi tarar dalar ƙasar miliyan 10 saboda yadda ya bi da koke-koken jama'a. A 2016 kuma Hyundai ya janye motocin Tucson kimanin 41,000 a Amurka, domin wasu kan ƙi tafiya idan direba ya taka totur, musamman lokacin zafi.

Wannan ba ya nufin kowace giya mai kuloci biyu lalatacciya ce. PDK ta Porsche tana da suna mai kyau wajen ƙarko, haka ma DSG mai giya 6 mai jiƙa, idan ana sauya mata mai a kan lokaci. Sai dai ko mai ƙarkon, ranar da ta lalace kuɗinta ba na wasa ba ne. A shekarun farko na Nissan GT-R, wasu masu motar a Amurka da suka riƙa fizgar ta daga tsaye bayan sun kashe na'urar hana santsi, sun farfasa giyar, kamfanin ya ce garanti bai shafe su ba, aka nemi su biya wajen dalar Amurka 20,000, abin da ya haura sefa miliyan 10 a canjin yau. A Porsche kuma an daɗe ana kuka da cewa idan wata ƴar na'ura ta mutu a cikin PDK, wakilan kamfanin sukan ce sai dai a sauya akwatin giyar gaba ɗaya.

Wani abin lura shi ne, wasu daga cikin masu ƙera motocin gudun sun ja da baya. BMW ya mayar da M5 kan otomatik mai aiki da mai a 2017, M3 ma ta bi bayanta a 2020, domin sababbin otomatik ɗin sun kusa kamo ta a sauri, kuma sun fi ta laushi a cikin gari.

Abin da hanyoyinmu ke yi mata

Babban abokin gabar wannan giya shi ne zafi, kuma zafin yana taruwa ne lokacin da kuloci ke tsakanin kamawa da saki. A babbar hanyar Jamus, mota na shiga giya ta sama ta yi awa guda kulocin a kame, ba ya goga ko kaɗan. A nan kuwa, duba yadda ranar direba take: ya ratsa kasuwa a bayan amalanke da garken awaki, ya rage gudu a kowane rami, ya sauka daga kwalta ya shiga hanyar jar ƙasa mai gargada, ya ƙare da rairayin da ke tsakanin ƙauyuka. A watannin Afrilu da Mayu zafin jihar Damagaram yana wuce digiri 40 a inuwa, wato iskar da ya kamata ta sanyaya busasshen kuloci ita kanta da zafinta take zuwa. Ga kuma lodi, domin motar mutum biyar a wurinmu takan ɗauki takwas da buhunan gero.

Rairayi ya fi komai illa. Idan mota ta kafe, abin da direba ya saba yi shi ne ya sa gaba, ya sa baya, ya yi ta taka totur. A giyar hannu ƙaurin kuloci zai gargaɗe shi. A wannan kuwa, kwamfuta ce ke ta gogar fayafayan a madadinsa, har zafi ya kai inda za ta saki kulocin duka biyu don ta kare kanta. Sai ka ga injin yana ruri, motar ko motsi. Da damina ma akwai haɗari: gidan busasshen kuloci ba a rufe yake ruf ba, ruwan korama da laka suna iya shiga.

Dokin sukuwa ba laifinsa ba ne idan aka ɗaura masa amalanke ya gaza. An yi wannan giya don gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, mu kuma muna sa ta aikin jaki.

Inda kuɗin ke tafiya

Abu uku ne suka fi lalacewa: fayafayan kuloci, da mekatronik, da babban faifan ƙarfe da ke tsakanin injin da giya, wanda a waɗannan motoci gida biyu ne da sifirin a tsakani. A Turai, sauya kuloci ko mekatronik sau da yawa yana wuce Yuro 1,000. Tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, maganar ta kai jika 656, wato fiye da albashin wata 15 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na jika 42. Sabon akwatin giya na motar gudu irin Porsche kuwa, ana maganar fiye da Yuro 10,000.

Amma a yankinmu kuɗin kaya ba shi ne kaɗai ba. Na farko, ba a ɗaura kulocin da guduma da sifana kamar na Peugeot 504. Akwai kayan aiki na musamman da ake auna tazarar fayafayan da su, kuma bayan an ɗaura sai an jona kwamfutar duba mota, wadda makanikai ke kira baliz, an koya wa mekatronik inda sabon kulocin ke kamawa. Idan aka tsallake wannan, sabon ma zai ƙone da wuri. Makaniki na iya zama gwani a giyar hannu amma ba shi da wannan na'ura, don haka sai an nufi Damagaram, ko Maraɗi, ko Yamai, ko a tsallaka iyaka zuwa Kano.

Na biyu, kai motar can ma kuɗi ne. Ba a tura irin wannan mota ta tashi, kuma ba a janta da igiya yadda aka ga dama. Littafin Volkswagen ya ce idan tayoyin da ke jan motar suna ƙasa, kada a ja ta fiye da kilomita 50, kada kuma gudun ya wuce kilomita 50 a awa. Daga Sassumbrum, Damagaram ta fi haka nisa, wato sai an ɗora ta a kan babbar mota.

Na uku, kayan gyara. Na Toyota suna ko'ina, daga shagunan Magarya har kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Mekatronik kuwa sai an yi oda, kuma dole lambarsa ta dace da ta motar, domin na Golf mai wani injin ba lalle ya yi aiki a Golf mai wani injin ba. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanville a 2023, kayan da a da ke zuwa daga Kwatano sun koma zagayawa, lokaci da kuɗin sufuri suka ƙaru. Mafitar da aka fi bi ita ce a sayo tsohon akwatin giya da aka ciro daga wata mota. Wannan caca ce: ba ka san kilomita nawa ya ci ba, kuma mai yiwuwa ciwon da ya kashe naka yana jikinsa.

Kafin ka biya kuɗi

Fara da sanin sunan giyar. A Volkswagen, da Skoda, da Seat ana ce mata DSG, kuma sau da yawa an rubuta shi a kan sandar giya. A Audi sunanta S tronic, a Ford PowerShift, a Renault EDC, a Hyundai da Kia DCT, a ƙananan Mercedes irin su CLA da GLA kuma 7G-DCT. Sababbin motocin Sin da yawa, na Chery da Haval da Geely, su ma da ita suke zuwa.

Sannan ka binciki mai jiƙa ce ko busasshiya. A Volkswagen, mai giya 7 da ke tare da ƙananan injina irin 1.2 da 1.4 TSI ko 1.6 TDI galibi busasshiya ce, mai giya 6 kuma mai jiƙa ce. Ta Fiesta da Focus masu fetur da suka fito daga Amurka busasshiya ce, haka ma ta Tucson mai injin 1.6 na 2016. Lambar shasi tana iya tabbatar da wannan idan aka duba ta a kwamfuta.

Kada gwaji ya tsaya a zagaye ɗaya a kwalta. Tuƙa ta aƙalla rabin awa har ta yi zafi, sannan ka gwada tashi a hankali sau da yawa, ka yi baya, ka hau ɗan tudu. Karkarwa daga giya ta 1 zuwa ta 2, ko ƙara kamar ana kaɗa ƙarafa, ko jinkiri kafin ta kama, ko haruffan giya su riƙa ƙyaftawa a allon direba, duk alamun tsayawa ne. Kuɗin da za ka ba mai baliz ya duba ta bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kuloci ba.

Idan ka riga ka saya

Motar na iya daɗewa idan aka bi da ita yadda take so. A cunkoso, kada ka riƙa sakin birki kaɗan-kaɗan tana jan ciki. Tsaya sosai, bari a ba ka fili, sannan ka tafi. A tudu ka riƙe ta da birki, ba da totur ba. Kafin ka shiga rairayi, mayar da sandar giya wajen sauyawa da hannu ka tsayar da ita a ta 1 ko ta 2, don kada ta yi ta sauye-sauye. Idan ta kafe, kashe zuciya ka sauka: a haƙa, a rage iskar taya, a sa itace ko tabarma, a tura. Idan allon ya nuna giya ta yi zafi, tsaya a sa ta a P ta huce.

Mai jiƙa tana son bidanji. Ga DSG mai giya 6, Volkswagen ya ce a sauya mai da matatarsa duk kilomita 60,000, kuma a ƙurarmu da zafinmu gara a yi kafin nan. Man nata na musamman ne. Jan man tsohuwar otomatik da ake sayarwa a bakin hanya ba ya maye gurbinsa. Ka kula da batir ma, domin idan ya yi rauni kwamfutar giyar na iya rikicewa, a yi ta neman ciwo inda babu shi.

Ga ma'aikacin da tafiyarsa daga Damagaram zuwa Yamai ce a kan kwalta, kuma yana da garajin da ya san aikinta, mai kuloci biyu mai jiƙa mota ce mai daɗi da tsimin mai. Ga wanda kullum yana tsakanin Sassumbrum da kasuwannin ƙauye da kaya a bayan mota, giyar hannu ko tsohuwar otomatik ta fi masa kwanciyar hankali, ko da farashinta ya ɗara. Idan ka ga mota mai sheƙi an karya mata kuɗi fiye da ƴan uwanta, tambayi dillali wace irin otomatik ce a cikinta, kuma kada ka miƙa kuɗi sai ka ji amsa. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.